TO UMMA, WANNE ZAN KARANTA?

'Yan uwana masu karatu, musamman iyaye mata da yayye da malaman firamare. Na san kun saba idan kuka ga littafina to labarin soyayya ne ko na zaman kishi, amma yau ku yi haƙuri, ƙara na kawo muku, kuma wadda nake ƙarar ba kowa ba ce illa ni kaina.

Wani dare ne cikin damina an ɗauke wuta, na shiga ɗakin yara in duba ko sun sauke gidan sauro, sai na hangi ɗan haske yana fitowa ta ƙarƙashin zanin rufar 'yata ta fari. Shekararta goma, ajinta biyar. Na yaye zanin a hankali, sai ga ta kwance ruf da ciki da 'yar tocila a hannu, ta yi nisa cikin karatu har ba ta ji shigowata ba. Da farko daɗi na ji wallahi, na ce a raina 'ya ta gaji uwarta. Amma da na duba bangon littafin sai gabana ya faɗi, domin nawa ne, littafina na biyu, wanda na rubuta da hannuna na kai maɗaba'a da kuɗin adashina. Labarin kishiyoyi uku ne, akwai boka a ciki, akwai saki, akwai kuma hirar miji da mata wadda don matan aure na rubuta ta.

Na fizge littafin na hau ta da faɗa, ta inda nake shiga ba ta nan nake fita ba. Ta yi shiru kanta a ƙasa har na gama, sannan ta ɗago da hawaye ta ce, "To Umma, wanne zan karanta? Na makaranta duk na gama su."

Jama'a, na buɗe baki in ba ta amsa sai na ji babu. Gida cike da littattafai, kwali-kwali a ƙarƙashin gado, nawa da na ƙawayena marubuta, amma babu ko ɗaya da zan iya miƙa wa 'yar cikina hankalina kwance. Ga ni mai sayar da abinci, 'yata tana kwana da yunwa.

Daren nan ban yi barcin kirki ba. Na tuna ni ma haka na taso, ina aji shida na fara satar littattafan yayata daga ƙarƙashin katifa, tana ƙwacewa ina sake ɗauka. Sai na gane cewa yaron da bakinsa ya buɗe da karatu tamkar jaririn da ya fara rarrafe ne, duk abin da hannunsa ya kai gare shi baki zai kai. Kowace uwa ta san idan ta karɓe wuƙa daga hannun mai rarrafe sai ta miƙa masa ludayi, in ba haka ba da ta juya baya zai koma wa wuƙar. To ni na karɓe wuƙa, ludayin ne ba ni da shi.

Kashegari na shiga gari na zaga shagunan littattafai har ƙafata ta gaji. Duk inda na ce ina neman littafin labari na yara sai a jawo mini na lissafi da na shirin jarrabawa. A wani shago da nake kai nawa littattafan na ce, "Haba Malam, duk faɗin shagon nan a ce babu abin da ɗan shekara tara zai karanta ya ji daɗi?" Ya yi dariya ya ce, "Ai Hajiya ku za a tambaya. Abin da kuka rubuta kuka kawo shi muke sayarwa." Maganar ta soke ni, amma ba ni da ta cewa. Can ya sunkuya ƙasan kanta ya zaro mini wasu tsofaffin littattafan Zariya ya kaɗe musu ƙura. Sauran kuma ɗaya-ɗaya na tsinto su, wani a wurin masu baza littattafai a bakin titi, wani a akwatin kawuna da ya yi ritaya daga aikin koyarwa.

Dogon hutun nan gaba ɗaya a kansu muka ƙare ni da yarana uku, wato babbar, da mai bi mata ɗan aji uku, da auta ɗan aji ɗaya. Ni ba malamar jami'a ba ce, iyakata sakandare, don haka ma'aunina biyu ne kacal. Na farko, in na kai tsakiyar labari sai in rufe littafin in ce barci nake ji. Idan suka yi caa a kaina suna "Umma don Allah ƙarasa," to littafi ya ci. Idan kuwa suka tashi suka kama wasansu, to ko wa ya rubuta shi ya faɗi. Na biyu, zan iya karanta shi da ƙarfi a tsakar gida, surukata na zaune a kan tabarma, ba tare da na tsallake shafi ba? To ga abin da na samu.

Mu fara da ƙanana, 'yan aji ɗaya da biyu. Su waɗannan kunnensu ya riga idonsu, sun fi buƙatar a karanta musu su ji. A nan ban ga abin da ya kai Tatsuniyoyi da Wasanni ba, na marigayi Ibrahim Yaro Yahaya, littafi shida a jere, da aka buga a Ibadan a farkon shekarun 1970. Tatsuniyoyin dare da wasannin dandali ya tattara ya zuba a takarda, ya kuma bar su da Hausarsu ta baki. Babban amfaninsu ga mai koyon karatu shi ne maimaici. A tatsuniya abu ɗaya yakan faru sau uku, magana ɗaya takan yi ta dawowa, to yaron da ya sha wuya kafin ya haɗa baƙaƙen jimla a karon farko, a karo na biyu da sauri zai wuce ta, a na uku kuwa da ka zai faɗe ta yana dariya, yana jin shi ma ya zama gwani. Ta haka autana ya fara bin layi da yatsa. Gizo kuwa ba ya tsufa, yara suna son sa ne don yana aikata duk abin da aka hana su. Wata rana asirinsa ya tonu, wata rana kuma ya sha. To ranar da ya sha ɗin, nan ne uwa take da aiki, sai ki tambaye su, ku kuna ganin ya kyauta? Ki bar su su yi gardamar.

Akwai kuma jerin nan da iyayenmu suka yi, Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu da Ka Yi Ta Karatu. Su tamkar tsani suke, yaro ya taka ya wuce, kada a ce masa ya zauna a kai. Aibin tsofaffin littattafan nan duka shi ne ƙarancin hoto mai ɗaukar ido, alhali yaran yanzu sun saba da launin talabijin. Mai babbar waya za ta iya cike wannan giɓi da African Storybook, wani shiri da ke ajiye gajerun labarai masu hotuna kyauta a intanet, har da na Hausa. Sharaɗi ɗaya ne, wayar ta zauna a hannunki.

Ɗan aji uku zuwa huɗu, musamman wanda ake cewa ba ya son karatu, a ba shi Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, wanda ya fito a farkon shekarun 1950. Ɗana na tsakiya irin yaran nan ne da ba sa zama, in kin ga ya riƙe takarda to jirgi zai naɗa da ita. Amma da muka fara labarin yaron da aka haifa ƙafafunsa ba sa ɗaukarsa, har ranar da wasu baƙi suka zo ya miƙe tsaye, sai na ji ɗana ya matso ya dafa gwiwata. Kafin mu kai inda Iliya ya hau dokinsa Ƙwalele ya nufi birnin Kib wurin Sarki Waldima, ya karɓe littafin daga hannuna, wai ina jan karatun. Sirrin littafin shi ne hanyarsa miƙaƙƙiya ce, jarumi ɗaya, doki ɗaya, abokin gaba bayan abokin gaba, babu labari cikin labari da zai rikita yaro. Asalinsa tsohon labarin mutanen Rasha ne, amma Ingawa ya yi masa wanka da Hausa har ba a jin baƙuntarsa. Inda na ga gazawarsa shi ne kusan kowace matsala ƙarfin damtse ke warware ta. Sati guda ɗana yana yawo da karan dawa wai takobi, ƙanensa ya ga ta kansa. Don haka bayan Iliya sai a bi yaro da littafin da zai nuna masa akwai abin da ya fi ƙarfi.

Wannan littafi kuwa shi ne Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam, littafi uku, da suka fito tsakanin 1937 da 1939. Mutane da yawa sun ɗauka na manya ne saboda a sakandare suka haɗu da shi, alhali tun asali don 'yan makaranta aka rubuta shi. Ki duba yadda aka gina na ɗaya. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida, Waziri yana ƙulla yadda yaron zai fita daga fada a hallaka shi, shi kuma Musa kullum dare sai ya ɗaura shirin bin bayan mayaƙa. Akwai bayi masu gadi, amma ba su suka riƙe shi ba, wani ɗan aku ne yake ɗaure shi da labari har gari ya waye. Wallahi da na sake karanta wannan da idon uwa sai na ga ai aikina ne aka rubuta. Yaron da ƙafarsa ke ƙaiƙayin fita, labari ya fi bulala iya tsare shi.

Kowane labari a ciki zama ɗaya ne, daidai tsakanin isha'i da barci. Ranar da na karanta musu Kalala da Kalalatu, inda matar ta cinye kajin da aka tanadar wa baƙo, ta tsorata baƙon da wuƙar da mijinta ke wasawa, ta kuma juya ta ce wa mijin baƙo ya gudu da kaji, har surukata sai da ta yi dariya ta share hawaye. Labarin Sarkin Busa kuma, wanda ya yi wa gari aiki aka hana shi ladansa, ya sa 'yata ta yi tsit, can ta ce, "Umma, ashe danne haƙƙin mutum ɗaya gari guda yake shafa." Ni ban ce mata komai ba, labarin ne ya faɗa mata. Imam ya ɗebo labaransa daga wurare da yawa, na Larabawa da na Indiya da na Turawa, ya zuba a tukunyar Hausa. Wannan ba abin gori ba ne, kowace mai girki ta san kayan miya daga kasuwa suke, hannu ne nata.

Sai dai a yi hattara da abu biyu. Hausar Imam tana da nauyi a wasu wurare, akwai kalmomin sarauta da na yaƙi da karin maganar da yaron birni na yau bai taɓa ji ba, ni kaina sau da yawa sai na aika an tambayo mini kawuna. Don haka ɗan aji huɗu a karanta tare da shi, ɗan aji biyar da shida a sakar masa amma a zauna kusa. Na biyu, ba kowane labari ne ya tsallake tabarmar suruka ba, akwai 'yan kaɗan da suka taɓo sha'anin maza da mata. Uwa ta riga yaro karantawa ta sa alama.

Ga 'yan aji biyar akwai wani ɗan littafi da aka manta da shi, kuma an zalunce shi, wato Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda ya fito a 1969, shekarar da Amurkawa suka sauka a kan wata. Labarin wani yaro ne Kilba da ya haɗu da baƙo daga sama mai suna Kolin Koliyo, ya ɗauke shi suka yi yawo a sararin samaniya. Hausarsa ba ta kai ta Imam zaƙi ba, amma ya fi su da abu ɗaya, jaruminsa yaro ne. A sauran littattafan yaro yana kallon manya ne suna abin mamaki, a nan kuwa sa'ansa aka ɗauka, sai ya ji shi ma ana iya zuwa a ɗauke shi. Bayan mun gama, dare uku yarana suna kwance a tsakar gida suna gardamar wace tauraruwa ce ta fi nisa, har babbar ta je ta buɗe littafinta na kimiyya da kanta, wanda a da sai da tsawa.

Littattafan gasar 1933 kuwa, wadda aka shirya a Zariya ƙarƙashin Rupert East, su na ajiye wa ɗan aji shida, kuma ba duka ba. Ruwan Bagaja na Imam ya fi kowanne ban dariya. Alhaji Imam ya bar gida neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, ya yi shekara 15 yana yawo, shi da Malam Zurƙe ɗan Muhamman kowa na haƙa wa ɗan uwansa rami. Amma a sani jarumin nan sau da yawa da ƙarya da damfara yake cin abinci, kuma labarin yana sa mai karatu ya taya shi murna. Ɗan shekara goma sha biyu ya isa ya yi dariya ya kuma san ba halin koyi ba ne, na ƙasa da haka sosai ban amince ba. Ganɗoki na Bello Kagara, yayan Imam, ya fara da yaƙe-yaƙen zuwan Turawa ya zarce ƙasar aljanu, cike yake da kirari da sara da suka. Ɗana ya so shi, ni kuwa na ga jinin ya yi yawa na ce ya jira. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa shi ne mai nauyin cikinsu. Yaro ne aka sace aka ratsa hamada da shi a zamanin cinikin bayi, uwarsa ta bi sawunsa har ita ma aka bautar da ita, ba ta sake sa shi a ido ba sai dab da ajalinta. Tafiyarsa a hankali take kamar ayarin raƙuma, kuma babu wasa a ciki, amma ina so kowane yaro ya karanta shi kafin ya bar firamare don ya san abin da ya taɓa faruwa a ƙasar nan. Ni da 'yata tare muka yi kuka. A karanta shi da rana, kada a ba yaro shi lokacin kwanciya.

Jiki Magayi, ɗan uwansu na wannan gasa, labarin ƙwacen budurwa ne da ɗaukar fansa, a bar shi sai sakandare. Dare Dubu da Ɗaya kuwa kada sunansa ya ruɗe ki ki ce ai tatsuniya ce, a ɗora shi can saman sif tare da namu. Mai son yaro ya ƙarfafa Turancinsa kuma ba sai ta je neman labarin dusar ƙanƙara ba. Ga Chike and the River na Chinua Achebe, na 1966, labarin yaron da ya koma Anacha wurin kawunsa, babban burinsa a duniya ya samu kuɗin jirgin fito ya haye kogin Kwara zuwa Asaba. Buri ne daidai girman yaro, shi ya sa yake kama su.

To jama'a, da a nan zan tsaya in ce ga jeri na ba ku, kowa ta je ta nema. Amma ana sauran sati guda a koma makaranta 'yata ta jefo mini wata tambayar da ta fi ta farko zafi. Muna tsintar wake ta ce, "Umma, wai su mata ba sa zuwa ko'ina ne?" Na ce kamar yaya? Ta ce Iliya ya tafi Kib, Alhaji Imam ya tafi neman ruwa, Kilba ya tafi sama, Chike ma ya haye kogi, su kuwa matan ciki ko suna gida suna jira, ko a aurar da su ga jarumi, ko kuma su ne masu makirci. Na ce ba ga uwar Shaihu Umar ba ta ratsa hamada? Ta ce, "Ai ita wahala ta sha ta mutu."

Na rasa bakin magana. Can sai na tuna kakata, Allah ya jiƙanta, da tatsuniyar da take yi mana, wadda ita ma sunanta Ruwan Bagaja, kuma ta girmi littafin nesa ba kusa ba. A cikinta wa ya je Ruwan Bagaja? Yarinya ce, 'yar bora. An ɗora mata laifin ɓata shimfiɗa alhali 'yar mowa ce ta ɓata, aka ce ta je ta wanko a Ruwan Bagaja. Ita kaɗai ta kama hanya, ta wuce koguna masu kiran ta da kayan daɗi ba ta tsaya ba, ta sauka a gidan da cinya da kare ke zaune ba ta yi musu dariya ba, aka ba ta zaɓin ƙwai ta ɗauki ƙarami, ta komo gida da arziki. Ba ta da doki ba ta da takobi, haƙurinta da hankalinta su ne guzurinta. Kin ga ke nan a bakin kakanninmu mace ce ta fara isa Ruwan Bagaja. Da labari ya tashi daga tabarma ya koma takarda, sai tafiyar ta zama ta namiji.

Ban ce Imam ya yi laifi ba. Shi da abokansa malamai ne maza, suna rubuta wa azuzuwan da mafi yawansu maza ne a wancan zamani, kowa kuwa abin da ke gabansa yake gani. Daga 1934 da aka fara buga littattafan gasar nan sai da aka yi shekara 46 kafin So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsat Abdulwaheed ya fito a 1980, wanda ake lissafawa a matsayin ƙagaggen labarin Hausa na farko da mace ta wallafa. Daga nan ƙofa ta buɗe, su Hajiya Balaraba Ramat Yakubu da Hajiya Bilkisu Funtuwa suka shigo, mu ma muka biyo baya har ba ma ƙirguwa, aka zo aka kafa gasar Hikayata ta BBC Hausa a 2016 don mata. To ina tambayarmu, a cikin wannan tulin rubutu ina 'yar shekara tara? Mun dawo da mace tsakiyar labari, wannan gaskiya ne, amma sai ta isa aure muke ganinta. Ko Wa Zai Auri Jahila? na Hajiya Balaraba, da ya tsaya wa karatun 'ya mace tsayin daka, na 'yan mata ne da iyayensu. Da na nemi littafi guda wanda ƙaramar yarinya ke jan ragamarsa, a Turanci na samu, Sugar Girl na Kola Onadipe, na 1964, labarin Ralia da ta ɓata a daji. Sau uku 'yata ta karanta shi. Na ji daɗi, na kuma ji kunya.

Na san dalilinmu, domin ni ma shi ne nawa. Yaro ba shi da kuɗin sayen littafi, matar aure da budurwa ke da shi. Littafin yara yana son hoto, mai zane kuɗi, bugun kala kuɗi, ga tsadar takarda, kuma wadda ta buga littafi da kuɗin adashi ba ta son ganin kwalayenta suna shan ƙura. Duk na yarda. Amma mu ɗin nan dai mu ne muke ɗinka wa yaran kayan sallah kala uku-uku. Da iyaye za su riƙa shiga shago suna tambaya, da mai shago ya fara tambayar marubuta. Ina kuma roƙon duk wadda za ta gwada, kada ta ɗauko nasiha ta ɗaura mata ɗankwali ta ce labari ce. Na ga irinsu, yarinya mai ladabi tun shafin farko har na ƙarshe ko sau ɗaya ba ta yi kuskure ba, yarana ko shafi biyu ba su bari na kai ba. Yaro yana gane nasiha tun daga nesa kamar yadda yake gane maganin da aka ɓoye masa a koko. Da nasiha zalla aku ya tsaya yi wa Musa, da tun daren farko ya haura katanga.

Ni dai na fara. Na sayi sabon littafin rubutu ina rubuta labarin wata 'yar shekara tara da akuyarta ta ɓata ranar kasuwa, ta bi sawunta har ta tsinci kanta a bayan motar dabbobi. Ko ya sayu ko kada ya sayu sai na ƙarasa shi, kuma babu aure a ƙarshensa. Mai duba mini shi ita ce wadda na ƙwace wa littafi a daren nan. Kullum da dare nakan karanta mata abin da na rubuta, duk inda ta yi hamma sai in soke. Jiya shafi biyu cur ta sa na yaga. Littafina na biyu kuwa yana saman sif, na ce mata ajiya na yi mata, ranar da ta isa da hannuna zan miƙa mata.

Wannan shi ne ɗan abin da na gani a nawa guntun tunanin. Wadda ta san wani littafin da ya dace ta taimaka ta sanar da 'yan uwa. Inda na yi daidai Allah ya amfanar da mu, inda na yi kuskure a yafe mini, ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. Allah ya raya mana zuri'a, ya sa su fi mu.

Taku a kullum.